Zare: Me ya sa intanet ba ta san sunan garinku yadda kuke faɗinsa ba?

1/ Zaren nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri 🧵 Sati biyu ke nan ina kokawa da shafukan da ke tattara sunayen garuruwa a intanet saboda wani aikin makaranta, kuma na kai wuya. Abin da na lura da shi: wanda aka haifa a gari, shi ya fi kowa shan wahalar nemo garin a shafukan nan.

2/ Malaminmu ya ce kowa ya kawo kasuwannin mako 30 na yankin iyakar Najeriya da Nijar, da sunan kowace da lambobin da ke nuna inda take a taswira. Na ce a raina wannan ai shan ruwa ne. Ni Bakatsine ne, dangin mahaifiyata kuma suna ɓangaren Maraɗi. Wa zai gaya mini sunan garuruwan nan?

3/ Na fara da Gidan Rumji. Na rubuta a akwatin bincike na wani shafi, aka ce babu. Na haɗe kalmomin, babu. Na sa ƙaramin baƙi, na sa babba, shiru. Gidan Rumji fa, babban gari a kan titin Maraɗi zuwa Madawa, wanda gunduma guda take ɗauke da sunansa.

4/ Na kira kawuna. Na ce, "Kawu, don Allah yaya kuke rubuta sunan garin nan a takardunku?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan Najeriya, ai sai ka yi rubutun Faransa." Ya turo mini: Guidan Roumdji. Ina sawa ya fito tar.

5/ Ku duba abin da ya faru. Bafaranshe yana sa u bayan g don kada a karanta ta kamar j. Wasalin u yana rubuta shi ou. Harafin j yana rubuta shi dj. Kalmomin Hausa ne tsantsa, gida da Rumji, amma sai da Bahaushe ya koyi ƙa'idar rubutun Faransanci kafin shafin ya saurare shi.

6/ Haka jerin yake har ƙasa. Tawa ta zama Tahoua. Tasawa, Tessaoua. Madawa, Madaoua. Dogon Dutse ya koma Dogondoutchi, ka rantse sunan wani gari ne a Japan 😭 Birnin Ƙonni kuma Birni N'Konni. Yamai da Damagaram ma ba maganar rubutu ba ce, a taswira Niamey da Zinder za ka gani.

7/ Kafin mu yi nisa, menene wannan kundin? Duk manhajar taswira da kake buɗewa, da fom ɗin da ke cewa ka zaɓi garinku, da shafin hasashen yanayi, akwai wani dogon jeri a bayansu. Kowane layi yana ɗauke da suna, da irin wurin, gari ne ko kogi ko dutse, da lambobin wurin, da yankin mulkin da yake ƙarƙashinsa. Shi nake nufi da kundin sunayen wurare.

8/ Sunan da ba ya cikin jerin nan, a wajen kwamfuta babu shi a duniya. Shi ke nan.

9/ Daga ina jerin ya fito? Ɗauki GeoNames, wanda manhajoji da yawa ke ɗiba daga cikinsa kyauta. Yana da wurare sama da miliyan 11. Kaso mai yawa na sunayen ƙasashe irin namu ya samo su daga kundin NGA, hukumar taswirar leƙen asiri da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Amurka.

10/ Shi kuma kundin Amurkan an gina shi ne don ma'aikatan gwamnatinsu su riƙa rubuta sunan kowane wuri iri ɗaya. Tun 1890 suke da hukumar da ke wannan aikin. Ban ga laifinsu ba, buƙatarsu suka biya. Amma ba don direban da ke lodi a tashar Jibiya aka tsara shi ba, kuma abin yana nunawa.

11/ In ka ƙara tonawa sai ka iske Turawan mulki. Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1920 E. J. Arnett ya fitar da Gazetteer of Sokoto Province, a 1921 W. F. Gowers ya fitar da na lardin Kano. Sunayen da jami'ai suka ji da kunnen Turanci suka rubuta, su suka zauna a takardu.

12/ Ƙa'idar rubutun boko mai ƙ da ɗ da ɓ kuwa sai a shekarun 1930 ta kankama, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Ka ga taswira ta riga ƙa'ida. Shi ya sa har yau Sokoto ke kan allo, Sakkwato ke bakinmu. Hadejia a takarda, Haɗeja a gida. Zaria, Zariya, ga kuma Zazzau.

13/ Wanda ya fi ba ni dariya shi ne gulbi. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Ruwa ɗaya ne, amma da ya tsallaka iyaka sai ya zama Goulbi. Ko fasfo ba ya nunawa, sunansa ne kaɗai ake canza wa kaya.

14/ To yanzu ga ra'ayina, kuma a nan nake so mu yi gardama. Mutane suna cewa matsalar ita ce "ba a rubuta sunan daidai ba, a gyara." Ni ban yarda nan ne gizo ke saƙar ba. Ko an gyara Sokoto ta koma Sakkwato gobe, wanda ya saba da Sokoto shi zai ɓata. An sauya wanda ke wahala ne kawai.

15/ Matsalar tana cikin ƙirar shafin. An gina shi a kan cewa kowane wuri suna ɗaya gare shi, kuma nauyin sanin wannan sunan yana kan mai bincike. A ƙasar da mutum ɗaya ke ciniki da Hausa, ya cike fom da Turanci, ya yi karatun allo da ajami, ya gaida kakarsa da Fulatanci, wannan ƙira ba za ta taɓa yin aiki ba.

16/ Wuri shi ne abu ɗaya. A ba shi lamba ɗaya da ba ta canzawa. Sunaye kuma a rataya masa su duka, kowanne da alamar harshensa, da ko na hukuma ne, ko na baki, ko tsohon suna. Ka shigo ta kowace ƙofa, ka iske ɗaki ɗaya.

17/ Abin haushin, fasahar tana nan. GeoNames yana da teburin ƙarin sunaye, inda ake sa lambar harshe, har da alamar cewa wannan sunan na baki ne ko na tarihi. OpenStreetMap yana da gurbin name:ha don sunan Hausa, da alt_name, da old_name. Wikidata ma yana karɓar suna da laƙabi a kowane harshe. Gurbin yana nan, cikawa ce ta yi ƙaranci.

18/ Amma ko an cika, akwai akwatin binciken kansa. Mu ɗauki haruffa masu ƙugiya. Wannan ɓangaren wani abokina ɗan sashen kwamfuta ya zaunar da ni ya fahimtar da ni, kuma tun ranar nake jin haushi.

19/ In Bafaranshe ya rubuta e maimakon é, yawancin shafuka suna ganewa. Dalili: a tsarin Unicode ana iya raba é gida biyu, e da 'yar alamar da ke kanta. Mai rubuta manhaja sai ya ce a zubar da alamomi a bar haruffa. Layi ɗaya, an gama da Faransanci da Sifaniyanci da Fotugis.

20/ Ƙ ba ta rabuwa haka. A Unicode harafi ce mai zaman kanta, ba k da alama ba. Haka ɗ, haka ɓ, haka ƴ. Wannan dabarar tana wuce su ba ta taɓa su ba. Sai mai manhajar ya zauna da gangan ya ce ƙ ta yi daidai da k a wajen bincike. In bai san da su ba, ba zai yi ba.

21/ Sakamakon: wanda ya yi ƙoƙari ya sa Hausa a allon wayarsa ya rubuta Ƙanƙara daidai, zai iya tashi a tutar babu. Wanda ya rubuta Kankara ya samu. Wato an hukunta wanda ya bi ƙa'ida. Aikin layi huɗu ne fa jama'a. Huɗu.

22/ Ga kuma 'y. Mu a Najeriya 'yan muke rubutawa, a Nijar ƴan. Ita kanta alamar da ke gaban y ɗin iri-iri ce, wata miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya, ya danganta da wayarka. A ido duk ɗaya ne, a wajen kwamfuta haruffa ne daban. Wasu fom ɗin ma da sun ga alamar sai su ƙi karɓar sunan gaba ɗaya.

23/ Sai unguwa. Unguwar Rimi, Unguwan Rimi, Ungwan Rimi, Angwan Rimi, Anguwan Rimi. Duk na gan su a jikin alluna. Mutanen Kaduna kuma sun huta, U/Rimi kawai suke rubutawa. T/Wada, S/Gari, B/Kebbi, B/Gwari, K/Namoda. Kowane ɗan Arewa yana karanta waɗannan ba tare da ya tsaya tunani ba.

24/ Shafin da aka yi don mu ya kamata ya san cewa B/ a farkon suna kusan kullum Birnin ne, T/ kuma Tudun ko Tungar ko Tashar. Ba wani ilimin sama jannati ba ne, jeri ne na kalmomi kaɗan da ɗalibin sashen Hausa zai rubuta maka kafin a tashi daga lacca.

25/ Yanzu a ce ka samu sunan. Sabuwar wahala: wanne daga ciki? Rubuta Tudun Wada ka sha kallo. Akwai ƙaramar hukuma a Kano, akwai unguwa a Kaduna, a Zariya, a Gusau, a Jos, a Gombe. Sabon Gari haka. Illela tana Sakkwato a bakin iyaka, wata Illéla tana jihar Tawa.

26/ Ko a cikin ƙananan hukumomi 774 akwai masu suna ɗaya. Nasarawa a Kano da jihar Nasarawa. Bassa a Filato da Kogi. Obi a Binuwai da Nasarawa. Surulere a Legas da Oyo. In manya sun yi karo haka, ina ga ƙauyuka masu suna Sabon Gida da Gidan Sarki da Tungar wane?

27/ Abin da irin shafukan nan ke ba ka shi ne layuka masu suna iri ɗaya, gefen kowanne lambobi dogaye, da wasu gajerun haruffa kamar PPL da ADM2 da STMI. Na farko yana nufin wurin da mutane ke zaune, na biyu yankin mulki mataki na biyu, na uku rafin da ke ƙafewa. Sai da na nemo wani teburi daban kafin na fassara su.

28/ Wa ya san garinsu da lambobi? In ka tambayi mutum ina ne ƙauyensu zai ce maka, "Kafin ka kai Mai'aduwa, hannun dama, ranar Lahadi kasuwarmu ke ci." Da gari mafi kusa, da hanya, da ranar kasuwa, da hakimin da ke riƙe da su muke gane wuri. Shafin ya nuna mini gunduma da ƙaramar hukuma da babban gari mafi kusa, a layi ɗaya, da kalmomi.

29/ Kuma a waya. Da yawansu an tsara su ne don faffaɗan allon kwamfuta: teburi mai ginshiƙi goma, sai ka yi ta ja hagu da dama, taswira mai nauyi tana cin data kafin ta buɗe. Mu da ke lissafin megabait kamar kuɗin cefane. A fara ba ni rubutu, in na so taswira in danna.

30/ Wani zai ce duk wannan surutun don makin aikin makaranta? To ku ji. A yaƙin da aka yi da shan-inna a Arewa, masu rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu. Da aka koma hotunan tauraron ɗan'adam da wayoyi masu GPS a shekarun 2010, an iske ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin jerin kowa.

31/ Ƙauyen da ba ya cikin jeri, ba a ware masa ma'aikaci, ba a ware masa allura. Gyara jerin nan yana cikin ayyukan da aka yi kafin a kai ga sanarwar Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Jerin sunaye ne fa kawai, amma ƙafafun yara na rataye da shi.

32/ Haka in an yi ambaliya ko an kai hari. Na sha ganin ƙauye ɗaya a rahotanni uku da rubutu uku. Wanda ke tattara alƙaluma daga nesa zai iya ƙirga shi sau uku, ko ya haɗe ƙauyuka biyu masu suna ɗaya ya mai da su guda. Kayan agaji kuma bin takarda suke yi.

33/ Na san akwai masu cewa fito da sunan kowane ƙauye a intanet taimaka wa ɓarayin daji ne. Na fahimci tsoron. Amma su ɓarayin sun san kowace hanyar shanu a dajin nan ba tare da waya ba. Wanda ke lalube shi ne direban motar asibiti da ma'aikacin agaji da aka turo daga wata jiha.

34/ Yanzu bari in taɓo namu, don kada mu zauna muna ta kukan Turawa. Wata 'yar ajinmu 'yar Kagoro ce. Ina cikin wannan ƙorafin ta ce, "Malam, ka gama? Mu Gworok muke cewa. Kagoro ɗin da ke taswira bakinku ne." Na yi tsit.

35/ Gaskiyarta. Kafanchan, masu garin Fantswam suke cewa. Zangon Kataf, mutanen Atyap suke kiran kansu. Gwari da muke faɗa, su Gbagyi suke cewa. Abin da Turanci da Faransanci suka yi wa sunayenmu, Hausa ta yi wa harsuna da dama a Kudancin Kaduna da Filato da Bauci, sau da yawa ma ta bakin tafintan Bature.

36/ Shi ya sa ba na goyon bayan "a mayar da komai rubutun Hausa." In muka yi haka mun zama sabon Arnett. Kundin da nake so yana da gurbin Tyap da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Tamashek, kowa ya ga sunansa da alamar harshensa. Maiduguri da Yerwa su kai ka wuri ɗaya.

37/ Akwai kuma sunayen da muka raɗa wa garuruwan wasu, kuma muna da haƙƙin nema da su. Ikko, Badun, Fatakwal, Kwatano. Kakanninmu fatake Ankara suke ce wa Accra, har gobe tsofaffi na faɗa. Rubuta Ankara a intanet ka ga inda za ka sauka, Turkiyya 😂 Kogin Kwara kuma ba ruwansa da neman jihar Kwara, shi ne wanda taswira ke kira Niger.

38/ Shafin da ya san harshen da kake bincike da shi zai iya tambayarka, "Ankara ta Gana ko ta Turkiyya?" Tambaya ɗaya. Ya fi ya yanke hukunci a madadinka.

39/ Kada a ce ba a taɓa yi ba. Ireland tana da logainm.ie tun 2008. Ka nema da Turanci ko da harshensu na Irish, duk za ka isa. Sunaye da yawa akwai muryar da za ka danna ka ji yadda ake furta su, akwai kuma hotunan tsofaffin takardun da suka nuna yadda aka rubuta sunan a da.

40/ Muryar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Duk wanda ya ji mai karanta labarai daga Legas yana furta Funtuwa ko Ɗambatta ya san me nake nufi. Ga kuma miliyoyin mutanenmu da saƙon murya suke turawa a WhatsApp saboda boko bai zauna musu ba. Su ta ina za su shiga?

41/ Na yarda da masu cewa dole hukuma ta tsayar da suna ɗaya na takardu. Fasfo da takardar fili da akwatin zaɓe ba sa son ruɗani, INEC kaɗai tana da rumfuna 176,846 da dole kowace ta zama tana da adireshi tsayayye. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun taron Geneva na 1967 take kiran ƙasashe su daidaita sunayensu. A tsayar ɗin.

42/ Amma tsayar da abin da za a buga a takarda daban, abin da akwatin bincike zai karɓa daban. Afirka ta Kudu ta mai da Port Elizabeth Gqeberha a 2021, kuma wanda ke riƙe da tsohuwar takardar haihuwa dole ya iya nemo garinsu. Mu ma muna da irinta: tsohuwar Abuja ita ce Suleja ta yau. Wanda ke bin tarihin kakansa da aka haifa "a Abuja" a 1950 zai iya ɓata a Maitama.

43/ Abin da ke hannunmu: OpenStreetMap da Wikidata kowa na iya buɗe asusu ya ƙara suna. In za ka yi, don Allah kada ka goge sunan da ka tarar. Ƙara naka a gurbin Hausa, ka sa sauran rubuce-rubucen a gurbin ƙarin suna. Kuma ka tambayi dattijon garin kafin ka rubuta, don mu 'yan birni ma muna lalata sunaye ba kaɗan ba.

44/ Masu haɗa manhaja da fom na cikinmu kuma, na san kuna nan kuna karantawa. Ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Ou da u. Dj da j. Tch da c. Unguwa da 'yan'uwanta. Kuma ku bar gurbin "garina ba ya cikin jerin nan" mutum ya rubuta da hannunsa, maimakon ku tilasta masa ya zaɓi garin maƙwabta.

45/ Aikin nawa dai na miƙa da kasuwanni 27. Ukun da suka rage na san su, ɗaya ma na taɓa cin tsire a cikinta ina yaro, amma na kasa tabbatar da wane ɗigo ne nasu a cikin masu irin sunan. Malam ya zagaye gurbin da jan biro ya rubuta, "Ina sauran?"

46/ Ku ajiye mini a ƙasa: sunan garinku yadda kuke faɗa, yadda aka rubuta a allon shiga gari, da ƙaramar hukuma ko gundumarku. In da hali ku haɗa da saƙon murya. Mutanen Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, da ku nake musamman. Ranar Asabar in an kawo wuta zan fara shigar da su ɗaya bayan ɗaya.